Kada Mu Raba Tsohon Soja Da Abokan Aikinsa



Akwai wata magana da ke yawo a cikin ikilisiyoyinmu, daga nan Ƙofar Kuyambana har Wusasa, cewa taron 'yan mazan jiya ɓata lokaci ne. Wai ba abin da ake yi a can sai tsohuwar hira da shan giya, don haka dattijon kirki ba shi da abin nema a wurin. Har akwai 'ya'yan da ke hana iyayensu kuɗin mota in ranar taro ta zo. Ni dai ban yarda da wannan magana ba, kuma zan faɗi dalilina.

Zariya garin soja ne. Tun 1924 ake horar da kurata a Daffo, makarantar soja ta yara kuwa a 1954 aka buɗe ta. Barikin Cindit ya sami sunansa ne daga dakarun da suka yi yaƙi a dajin ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, a 1944, kuma akwai bataliya uku ta Nijeriya a cikinsu. Shi ya sa da wuya ka shiga majami'a a wannan yanki ba ka tarar da tsohon soja ko gwauruwar soja a kan benci ba. Mutanen Bama sun kusan ƙarewa. Wanda ya shiga yaƙin basasa a 1967 yana ɗan shekara 20, yau yana dab da 80.

A cikinsu duka, waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne tsofaffin sojojin ruwa. Sojan ƙasa da ya yi ritaya a Zariya yana ganin kurata suna gudun safe, yana haɗuwa da na bayansa a kasuwar Sabon Gari. Shi kuwa sojan ruwa, tekunsa tana can Legas da Kalaba da Fatakwal. Tun da aka kafa rundunar a 1956 'ya'yan Arewa suke shiga, har wasu jiragen yaƙinta sunayen Hausa gare su: Dorina, Damisa, da babban jirgin nan Aradu da aka ƙera a Jamus, ya fara aiki a 1982. Ku dubi irin zaman jirgi. Mutum fiye da 100 a cikin akwatin ƙarfe, gado a kan gado, ana karɓa-karɓar gadi dare da rana, mako da makonni ba a ganin ƙasa. In wuta ta tashi a ɗakin inji ba inda za a gudu, ko ku kashe ta tare ko ku nutse tare. Irin waɗannan mutane ne suka sauke dakaru a Bonny a watan Yuli na 1967, na bayansu kuma suka kai sojojin ECOMOG Monrobiya a watan Agusta na 1990. Sa'an nan mutum ya dawo gida, cikin jama'ar da da yawansu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi Galma ko Kubanni girma ba. In ya soma ba da labari, jikoki su ɗauka tatsuniya ce. Abokan jirginsa kuma sun watse, wani yana Makurɗi, wani Ibadan, wani Yola. Ranar da za su haɗu, ko da sau ɗaya a shekara ne, ita ce ranar da ba sai ya yi wa kowa bayanin kansa ba.

Amma kada wani ya zaci maganar kewa ce kawai. Ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa, wadda aka fi sani da Nigerian Legion, doka ce ta kafa ta a 1964, kuma ta haɗa tsofaffin sojojin ƙasa da na ruwa da na sama. Fanshon soja yana hannun hukumarsa ta daban a Abuja, kuma lokaci lokaci ana kiran 'yan fansho tantancewa. Wa ke kai wa tsoho mai ciwon ƙafa labarin cewa an soma? Abokansa. Wa ya san takardun da ake nema, da ofishin da za a fara shiga? Abokansa. Manya a cikinmu sun tuna yadda a farkon shekarun 2000 tsofaffin sojoji suke kwana a gefen titunan Abuja suna jiran haƙƙinsu. Ko kwanan baya, a Disamba 2024 da Janairu 2025, sai da suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a kan bashin da suke bi. Da kowa ya zauna a ɗakinsa, da ba wanda zai ji muryarsu.

Inda abin ya fi ciwo shi ne bayan rasuwa. Mu fastoci ne ake kira a bizne mutum, kuma gidanmu gwauruwa take zuwa bayan wata uku ko huɗu, in hatsi ya ƙare. Ka tambaye ta lambar sojan maigidanta, ba ta sani ba. Takardar sallama, gara ta cinye ta a cikin akwati. Wani lokaci ma sunan da ke rubuce a matsayin magaji na wani ƙane ne da aka sa tun mutumin yana saurayi, ba a taɓa canzawa ba. A nan fasto ba shi da abin yi sai ta'aziyya da ɗan abin da baiko ya kawo. Amma in marigayin yana cikin ƙungiya, akwai rajista, akwai waɗanda suka yi aiki tare da shi da za su tsaya su shaida, akwai wanda ya bi wannan hanya a bara don wata gwauruwar. Bambancin da ke tsakanin gidajen nan biyu kuɗin makarantar marayu ne.

Akwai kuma abin da mu marasa yawa a birnin nan bai kamata mu raina ba. Mu da muka ga 1987 da 2011 mun san yadda zumunci ke tsinkewa a dare ɗaya. Wurare nawa suka rage inda dattijo Musulmi da dattijo Kirista suke zama a benci ɗaya, suna kiran juna da sunan barkwanci na bariki, kowa ya san sunan 'ya'yan ɗan'uwansa? Ranar tunawa da 'yan mazan jiya, wadda a dā ake yi 11 ga Nuwamba, an maishe ta 15 ga Janairu domin a ranar ce a 1970 Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a nan Wusasa, ya karɓi miƙa wuyan Biyafara. Kafin ranar ana addu'a a masallaci ran Juma'a, a yi sujada a majami'a ran Lahadi. Mutumin da ya taɓa ɗaukar abokinsa mai rauni a kafaɗa, ba da sauƙi ɗan siyasa zai koya masa ƙin wannan abokin ba.

To, maganar giya fa? Ba na musu, akwai masu sha, wasunsu ma tun suna aiki abin ya kama su. Sai dai abin tambaya shi ne, wanne ya fi haɗari, tsohon da ke zaune cikin abokansa da rana tsaka, ko wanda ke sha shi kaɗai a ɗaki saboda mafarkin fagen daga ya hana shi barci? Na ga iri biyun, kuma na biyun ne ba ya daɗewa. In kuwa dattawanmu masu kamun kai suka ƙaurace wa taron, to, wa aka bar wa shi? Haka nan ƙorafin da ake yi a kan shugabanci da kuɗin ƙungiya, a cikin taro ake tambayar lissafi, mai zaman gida ba shi da bakin magana. In taro ya faɗo ran Lahadi, su nemi a sa shi bayan an tashi sujada, ba na jin abokansu za su ƙi.

Roƙona ga majalisar dattawa ta kowace ikilisiya shi ne, kafin Janairu mai zuwa, magatakarda ya rubuta sunayen tsofaffin sojoji da gwaurayen sojoji da ke cikinmu, da rundunar da kowa ya yi aiki. A taimaka musu su yi hoton takardar sallama da ta fansho, a ajiye kwafi a hannun matar gida da babban ɗa, a kuma duba sunan magaji tun mai shi yana da rai. Zumuntar Maza ta ɗauki nauyin mota ga wanda ƙafa ta gaza. Matasa kuma, ku da waya ba ta barin hannunku, ku nemo wa Baba lambobin abokan jirginsa ko na bataliyarsa, ku zauna ku ɗauki muryarsa yana faɗin sunan jirgin, da shekarar da ya shiga, da waɗanda suka tafi tare ba su dawo ba.