Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

'Yan'uwa ɗalibai, musamman ku na sashen kimiyyar kwamfuta, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare cikin ayyukan da ake miƙa wa malamai, wadda lalle ya kamata a tsawata mata tun ba ta bi mu ofisoshin gwamnati ba. Ɗalibi zai rubuta manhaja da harshen C++, ya sa ta tambayi yawan layuka da yawan ginshiƙai, sa'an nan ya rubuta int a[n][m], watau jadawalin lambobi wanda ba a san girmansa ba sai manhajar ta fara aiki. Kwamfailar g++, wadda ita ce tafintan da ke juya rubutunsa zuwa abin da inji ke ganewa, sai ta karɓa ba ta ce uffan ba. Shi ke nan, sai ya ɗaga hanci wai ya iya C++.

To, a sani, wannan rubutu ba ya cikin ƙa'idar C++, bai kuwa taɓa shiga ba. Harshen C ne ya ɗauke shi cikin ƙa'idarsa ta 1999, amma a 2011 masu tsara ƙa'idar suka mai da shi ganin dama, kwamfailar da ta so ta karɓa, wadda ba ta so ba ta bari. A 2013 an shigar da makamancinsa cikin daftarin C++14, aka kuma cire shi kafin shekarar ta ƙare. Abin da g++ ke yi alfarma ce kawai daga masu GCC. Kai rubutun nan gaban kwamfailar Microsoft ka ga yadda za ta dawo maka da shi.

Wani zai ce, ai ya yi aiki a injina, ina laifi? Laifin yana cikin wurin da ake ajiye jadawalin. Ana ɗora shi ne a wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwar kwamfuta da ake kira sitak, wanda yawanci megabayit 8 ne a Linux, megabayit 1 a Windows. Jadawali mai layi 2,000 da ginshiƙi 2,000, kowace lamba tana cin bayit 8, yana bukatar bayit miliyan 32. Ina zai shiga? Abin da ya fi muni, ba wata hanya da manhajar za ta san cewa wuri bai isa ba. Wanda ya nemi wuri da malloc, in babu za a gaya masa babu, ya san abin yi. Wannan kuwa sai dai manhajar ta faɗi warwas, ko ta ɓata abin da ke maƙwabtaka da ita. Ka gwada ta da ɗalibai 30 ta yi lafiya. Ranar da aka loda mata sunayen ma'aikatan jiha guda, ran nan za a yi ta neman wanda ya rubuta.

Ko masu rubuta cibiyar Linux, waɗanda da gangan suke amfani da ƙare-ƙaren GCC masu yawa, sun ga wannan bai yi musu ba. Linus Torvalds ya yi ƙorafi a kansa, Kees Cook ya jagoranci aikin tsince shi ɗaya bayan ɗaya, har aka gama a fitowar 4.20 a 2018. In waɗanda suka san takan abin sun yar da shi, mu a kan me za mu rungume shi a makance?

Ba mu ce kowane ƙari haramun ne ba. Wanda ya ari riga ya san ta aro ce, ya san ranar mayarwa. Abin takaici shi ne mai yawo da rigar aro yana tsammanin gado ya ci, kuma takardun karatun da ake sayar mana ne suka sa masa ita. Ƙasar da ba ta da kuɗin zubarwa ba ta kamata ta cika ofisoshinta da manhajojin da suka ɗaure ta ga kwamfaila guda ba.

Mafita kuwa ba ta da wuya. A C++ a nemi std::vector mai girman n sau m, a sami kowane gurbi da lissafin i*m+j. Ƙa'idar C++23 ma ta kawo std::mdspan domin sauƙaƙa wannan. A C a nemi wuri da malloc, a kuma duba ko an samu. Sa'an nan kowa ya riƙa sa wa kwamfailarsa -pedantic-errors da -Wvla, domin ta daina yi masa kara.

Saboda haka muna kira ga malamanmu da su gyara takardunsu, su kuma riƙa gwada aikin ɗalibi da kwamfaila biyu kafin su ba shi maki. Ƙungiyar ɗaliban sashe ta kai wannan magana gaban shugaban sashe a zangon nan. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.