Birnin Gwari: kalmomin da waya ke sauya wa ma'ana

Kafin rikici ya yi ƙamari, idan mutumin Birnin Gwari ya ce "na tafi daji", gona yake nufi, ko itace, ko farauta. Yau yaron da ya rubuta haka a WhatsApp sai an kira shi an ji ko lafiya. "'Yan daji" sun zama 'yan bindiga. "Sulhu", da aka fi sani tsakanin miji da mata, yanzu da an ambace shi zama da masu makami ke faɗowa a rai. Harshe dama sauyawa yake. Abin dubawa shi ne saurin da waya ta ƙara masa, da wanda sauyin ke faɗa wa.

Sunan garin ma ya isa misali. Gwari suna ne da Hausawa suka ba Gbagyi. A hankali kalmar ta zame: wanda Hausarsa ba ta fita aka ce yana gwaranci, wanda bai gane kan abu ba aka ce bagwari ne. Shi ya sa Gbagyi da yawa ba sa son sunan. Wancan sauyi ya daɗe yana tafiya baki da baki. Irinsa ne ke samun kalmar "Fulani" yanzu, amma cikin 'yan shekaru. A Facebook ana rubuta "Fulani sun shigo gari" alhali mahara ake nufi. Makiyayin da aka kwashe wa shanu a gefen dajin Kamuku da mai tallar nono a kasuwa, duk kalmar ta haɗa da su.

Wadda ta fi haɗari ita ce "infoma". A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse sabis a wasu yankuna, har da Birnin Gwari, don raba 'yan bindiga da masu tsegunta musu labari. Masu tseguntawar akwai su, babu mai musu. Matsalar ita ce kalmar ba ta jiran shaida. Saƙon murya na daƙiƙa talatin da hoton mutum sun isa, ko da asalin maganar rigimar gona ce ko bashi. Kafin ya buɗe baki, guruf biyar sun riga sun yanke masa hukunci.

Kada a zaci manhajar za ta tare wannan. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga mai turawa zuwa mai karɓa, kamfanin ba ya jin abin da aka faɗa. A 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 ya mayar da wanda ya sha yawo zuwa wuri ɗaya. Wannan rage gudu ne kawai. A Facebook kuwa, na'urar tacewa zagi da barazana ta fi iya kamawa, "infoma" da "Fulani" kuma ba zagi ba ne. Dafin yana cikin ma'anar da sai ɗan gari ya sani. Ga rubutun ma kowa da nasa: infoma, imfoma, informa. Har Gboard ba a bar shi a baya ba, domin yana koyon abin da mai waya ya saba rubutawa. Wanda kullum ke bin "Fulani" da "ɓarayi", wata rana kibod ɗin ne zai miƙo masa kalmar.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanun Birnin Gwari bayan ta yi shekaru a rufe. Kasuwar kara ba ta ci sai makiyayi ya koro dabba, dillali ya tsaya, mahauci ya taya. Da wuya mutum ya yi ciniki da rana da wanda ya kira ɗan ta'adda da dare a wayarsa.

Wanda ke da iko a nan shi ne admin na guruf, domin shi ya san Hausar garinsa. Tun 2022 WhatsApp ya ba shi damar goge saƙon kowa ya ɓace wa kowa, kuma yana iya rufe guruf ta yadda shi kaɗai zai yi rubutu a ranar da aka kai hari. Duk saƙon da ya ambaci sunan wani da "infoma" ya kamata ya goge shi nan take, ya ce wa mai turowa idan yana da hujja ya kai wa mai unguwa ko jami'an tsaro.