Daga Bakin Shago: Ranar da dutsen Buea ya auna ni

 Yau ba zancen kwastan ko farashin shadda na zo da shi ba. Zancen ƙafa ne.

Shekarata 19 ina sayar da atamfa da shadda a Duwala. Tsakanin gidana a New Bell da shagona ba nisa, amma ko wannan ɗin a kan babur nake yin sa. In na zauna ƙarfe takwas na safe, salla kaɗai ke tayar da ni har magariba. Shinkafa ta same ni a zaune, shayi mai sukari ya same ni a zaune. Bara, da ciwon kai ya matsa mini, likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, sukari kuma yana bakin ƙofa. Ya rubuta magani, sannan ya tambaye ni rabona da in yi tafiyar rabin awa a ƙasa. Na yi ta lissafi, sai na tarar tun Safa da Marwa ne.

Da na faɗa a gida, uwargida cewa ta yi, "Alhaji, ai na daɗe ina faɗa maka, ka ce mini kasuwa ba ta jira." Babban ɗana, mai shekara 16, shi ya kawo shawarar mu je Limbe ranar Lahadi, don makarantarsu ta taɓa kai su. Na ce me zan je yi bakin teku, kifi nake sayarwa? Ya ce, "Baba, tafiya kawai za mu yi." A raina na ce wannan aikin Turawa ne, mutum ya biya kuɗin mota don ya je ya wahalar da kansa. Amma na bi shi.

Daga Duwala zuwa Limbe kimanin kilomita 70 ne. Za ka fita ta Bonaberi, ka haye gadar Mungo, ka wuce Tiko, a Mutengene hanya ta rabu biyu: ɗaya ta gangara Limbe, ɗaya ta hau Buea. Mu muka gangara. Garin da can Victoria ake ce masa, sai a 1982 aka mayar da shi Limbe. Abin da ya fara ba ni mamaki yashin bakin tekun: baƙi ƙirin, kamar an daka gawayi. Dalili kuwa garin a gindin Dutsen Kamaru yake, dutse mai aman wuta da tsayinsa ya haura mita 4,000, babu wanda ya kai shi a duk wannan yanki namu. Yashin nan dutsen ne da ruwa ya niƙa.

Muka shiga motar Idenau muka sauka kusa da ƙauyen Bakingili. A 1999 dutsen ya yi aman wuta, narkakken dutse ya gangaro ta cikin gonakin kwakwar manja, ya datse titi, ya tsaya saura kaɗan ya faɗa teku. Har yau yana nan, tudun baƙin dutse wanda ya fi gida tsayi, titi ya kewaye shi. Muka hau kansa, muka sauko, muka bi bakin ruwa a ƙasa wajen awa biyu, teku a gefe guda, dutse ya sha gajimare a ɗaya gefen. Muka yi azahar a kan baƙin yashi, muka ci gasasshen kifi a Down Beach, kafin isha'i muna gida. Daren nan na yi barcin da na manta akwai irinsa.

To, daɗin wannan ne ya ruɗe ni. Bayan mako biyu na ce da yaron mu tafi Buea mu hau dutsen kansa. Ba ƙololuwa ba, wannan yawanci kwana biyu ko uku ake yi. Akwai ɗakunan hutu a kan hanyar, na farkon yana wajen mita 1,800, ana zuwa a dawo a yini guda. Ni zango na farko nake ce masa. Wurin gandun daji ne na gwamnati tun 2009, ba a shiga sai da jagora. A nan na ga wani abu: ɗana ya tsaya yana ciniki da jagoran da Turancin Pidgin, tiryan-tiryan, har da ba'a. Ni da na yi shekara 19 a ƙasar, ban da lissafin kuɗi da Faransanci ba abin da na iya. Ban ma san yaron yana jin wannan yaren ba.

Na tafi da doguwar riga da takalmi sau-ciki na zuwa Juma'a. Mun wuce gonaki, mun shiga kurmi, hanya ta miƙe sama ba sassauci, ga santsi. Ba mu yi awa ɗaya da rabi ba numfashina ya ƙare, zuciyata na bugawa har cikin kunne, takalmi ya yi mini bororo. Na zauna a kan wani saiwa. Jagoran ya dube ni ya ce mu koma. Na ce sam, kuɗi na biya. Sai ɗana ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah mu koma. Dutsen ba inda za shi." Ya karɓi jakata ya rataya a kan tasa. Muna saukowa wasu mata suka wuce mu a guje, suna atisayen tseren da ake yi duk shekara tun 1973, daga cikin Buea zuwa ƙololuwa a dawo a rana ɗaya. Jagoran ya ba mu labarin Sarah Etonge, wadda ta ci tseren nan sau bakwai. Ban ce uffan ba.

A mota ina ta tunanin kakanninmu. Mutanen da suka tashi daga Kano da ayari, madugu a gaba, suka taka har Gwanja sayen goro, wata da watanni a hanya. Waɗansu suka yo nan kudu ta Adamawa, Ngaundere, Tibati, Banyo, duk a ƙafa. Sunan unguwanninmu ma, zango, wurin sauke kaya ne bayan an sha tafiya. Mun gaji fataucin, mun gaji zangon, ƙafar ce muka bari a hanya.

Na koma wurin likita na faɗa masa abin da na yi. Ya yi mini faɗa sosai, ya ce mai hawan jini ba ya tashi daga kujera ya faɗa wa dutse, sannu ake farawa. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 take so babba ya yi a mako yana motsa jiki, wato rabin awa sau biyar. Sai na mayar da shi bayan asuba: daga masallaci ba na komawa gado, in zaga unguwa da sauri-sauri, sannan in tafi shago a ƙasa. Makwabta suka fara tsokana, wai ko babur ɗin aka sace. Wata uku ina haka, ina shan magani, na rage sukari a shayi.

A watan Janairu muka koma Buea, da yardar likita, da kambas a ƙafata. Awa uku da 'yan mintoci muka yi, muna hutawa, muka isa zango na farko. Da gajimare ya yaye, sai ga Buea a ƙasa kamar an watsa tsaba, can gaba gonaki har bakin ruwa. Muna zaune muna cin dabino da gyaɗa, yaron ya ce, "Baba, akwai maganar da nake so in yi maka tun bara." Ashe ya ji ina shirin zaunar da shi a shago in ya gama wannan ajin, shi kuwa karatun aikin jinya yake so. A gida bai taɓa samun fuska ba: ina dawowa a gajiye, waya a kunne. Ban ba shi amsa a wurin ba, amma mun sauko muna maganar, kuma yanzu haka yana makaranta.

Ga wanda zai gwada, ga abin da na koya da jikina. A tafi da rani, Nuwamba zuwa Maris. Gefen dutsen nan na cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a duniya, a Debundscha yakan kai milimita 10,000 a shekara. Kada a tafi ranar Litinin, don tun rikicin da ya taso a yankin masu Turancin Ingilishi a 2016 ranar zaman gida ce a garuruwa da yawa. A kira ɗan uwa da ke Buea ko Limbe a ji halin hanya kafin a fito, a riƙe katin shaida ko takardar zama saboda shingaye, a dawo da rana. A ɗauki ruwa isasshe har da na alwala, da rigar ruwa, da rigar sanyi. Mai hawan jini, ciwon sukari ko ciwon zuciya ya fara da likita, kuma kada ya ajiye magani don ya fara tafiya. Iyali da ƙananan yara su tsaya a bakin teku da lambun itatuwa na Limbe, wanda Jamusawa suka kafa a 1892, ya ishe su yini. In jagora ya ce a koma, a koma.

Na san abin da wani zai ce: wa zai tsare shago? Ranar da muka tafi na farko, wata mai sayen shadda turmi-turmi ta zo ba ta same ni ba, ta saya wurin makwabcina. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma na san mutum biyu a layinmu da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, shagunansu yanzu wasu ke ciki. Su ba yini ɗaya suka rasa ba.

'Yan uwa na Lome, kuna da Kpalime da dutsen Agu. Na Akara, ga tudun Aburi a bayanku. Ku rubuto mana abin da kuka gani. Ni dai uwargida ta ce tafiya ta gaba da ita za a yi, har ta sa an sayo mata kambas.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.