Tuna, Tuno, Tunani: Kada Kalma Ɗaya Ta Haɗiye Sauran

'Yan'uwana ɗalibai, aikatau "tuna" ƙaramar kalma ce, amma aikinta a adabin Hausa babba ne. A harshena na gado, Yarbanci, da "rántí" ake waiwayar abin da ya wuce, da "ronú" kuma ake nazari a zuci. A Hausa kuwa tushe ɗaya ne ya haifi duka biyun, domin daga "tuna" aka samo "tunani". A ganina, wannan na nuna cewa a wurin Bahaushe ba a yin tunani sai an waiwayi baya. Masu iya magana ma sun ce tuna baya shi ne roƙo.

Mu duba littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Labarin gaba ɗaya tuna baya ne: malami yana ba almajiransa tarihin ƙuruciyarsa da bautar da ya sha, su kuma su ɗauki darasi. A waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19, irin na Nana Asma'u, "tunatarwa" ce manufa. Mawallafi ba sabon labari yake kawowa ba, mutuwa da hisabi yake tunatar da mai sauraro, abin da ya riga ya sani amma ya shagala. A littattafan soyayya na Kano, da suka bunƙasa daga shekarun 1980, idan aka ce yarinya ta shiga tunani, ana nufin damuwa ta hana ta barci da cin abinci.

Tsarin azuzuwan aikatau da Parsons ya fitar a 1960 yana taimaka mana a nan. "Tuna" aji na 1 ne, "tunatar" aji na 5, "tuno" aji na 6. Idan marubuci ya ce "ta tuno mahaifiyarta", kamar ta jawo ta ne daga nesa zuwa inda take. "Ta tuna" ba ta da wannan nauyin.

Abin da ke damuna shi ne yadda "ina tunanin" ta mamaye rubuce-rubucenmu na yau, saboda tasirin Ingilishi. Sai ka ga an rubuta "ina tunanin zai zo gobe", alhali Hausa tana da "ina tsammani" ga abin da ake jira, "ina zato" ga abin da ba a tabbatar ba, da "ina ganin" ga ra'ayi. Mu da muka koyi Hausa a aji mun fi kowa fuskantar wannan haɗari, domin kalma ɗaya ta fi sauƙin riƙewa.

Saboda haka, kafin ka rubuta "tunani" a labari ko waƙa, tambayi kanka: tauraronka waiwaye yake yi, ko damuwa, ko zato? Idan zato ne, ka ba shi sunansa.