Tagar Kwali Ba Shaida Ba Ce: Tsokaci Ga Masu Sayar Da Kayan Shafa A Kafanchan

Yau maganata da 'yan'uwana 'yan kasuwa ce, musamman masu shagunan kayan kwalliya a Kafanchan, da Zonkwa, da Kachia, da Godogodo, har da matanmu masu sana'ar a cikin gida. Na san wasu za su ji haushi. To a yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Duk wanda ke shiga kasuwa ya lura da yayin da ake yi yanzu. Kwalin man shafawa sai an yanke masa 'yar taga an manna leda garai-garai, ana hango kwalbar daga ciki. Wanda ba shi da kwali kuma a cikin farar roba yake, mai gani-har-hanji, an jera su a kanta ja da ruwan ɗorawa da fari sol, kamar alawar yara. Idan mace ta tambaya ko man nan yana da kyau, amsar guda ce: "Haba Hajiya, ga shi kina gani da idonki, ai gani ya kori ji."

Wannan jimla ita ce na zo in yi faɗa da ita. Me aka gani? An ga launi, an ga kauri, an ga ƙyalli. Shi ke nan. Abin da ke lalata fata ba ya cikin waɗannan ukun.

Ba ina cewa tagar ba ta da amfani ba ne kwata-kwata. A kan jan baki, ko hoda, ko gazal, abin da mai saye ke nema shi ne launi, kuma taga ta raba mu da ƙazantar nan ta a buɗe kaya kowa ya dangwala yatsa ya gwada a bayan hannu sannan a rufe a sayar wa wata. Wannan na yarda. Amma man shafawa ba launinsa ake saye ba, aikinsa a jiki ake saye, kuma aikin yana ga sinadaran da ke ciki.

Mai karatu, bari in kawo maka guda uku da suka fi yi mana ɓarna a cikin man bilicin. Na farko zaiba, wato makuri. Idan aka cuɗa gishirinsa a cikin mai ba ka ganin komai, man na nan fari tas. Fata ce ke tsotse shi a hankali ya je ya taru a ƙoda, ya taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma mai ciki ko mai shayarwa tana iya miƙa wa jaririnta. Ba don wasa ba ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013, wadda aka raɗa wa sunan wani gari a Japan inda gubar makuri ta nakasa mutane. Nijeriya ta amince da ita a 2018. Da farko an ƙayyade cewa kada makuri ya wuce kashi 1 cikin miliyan a kayan shafa, sai a taron 2023 a Janiba aka ce a daina zuba shi gaba ɗaya zuwa 2025. Kashi 1 cikin miliyan fa! Wane ido ne zai hango wannan ta taga?

Na biyu shi ne magungunan nan na fata masu ƙarfi irin su kulobetasol, waɗanda likita ke rubutawa na ɗan lokaci don wata cuta. Su ake matsewa daga 'yan bututunsu a zuba a roba a gauraya da wani man. Sati biyu mace ta yi haske, kowa na yaba mai haɗi. Bayan watanni fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore-kore, ga nankarwa, ga makero da ƙuraje, ciwo kaɗan ya ƙi warkewa. A tambayi kowace ma'aikaciyar jinya yadda ɗinki ke wahalar kama irin wannan fata.

Na ukun kuwa shi ya fi ba ni dariyar takaici. Haidarokwinon, sinadarin da dokar Nijeriya ta ce kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari, wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi a man shafawa tun 2001, ba ya shiri da haske da iska. Suna taɓa shi ya fara lalacewa, man ya koma ruwan ƙasa. Haka ma bitamin C da ake ta tallarsa a ƙananan kwalabe. Shi ya sa kamfanin da ya san abin da yake yi ke zuba irin waɗannan a baƙar kwalba ko bututu rufaffe. Mu kuma sai mu zuba a farar roba mu jera a bakin shago, ranar Maris ta Kafanchan ta yini tana dukansa. Ashe robar da ake cewa alamar gaskiya ce, ita kanta tana ɓata kayan. Shi kuma sinadarin idan aka daɗe ana lafta shi, yana barin wani baƙin tabo a kumatu wanda da wuya ya goge, ga gaɓoɓin yatsu baƙi wuluk suna tona asiri a wurin biki.

Kada wani ya ce ai wannan na kayan Turawa ne. Kwallinmu na gargajiya ma haka ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan iyayen Nijeriya a Boston da aka samu dalma a jininsa, aka bi sawu aka tarar kwallin da ake sa masa ne, wanda fiye da kashi 80 cikin ɗarinsa dalma ce. Dutsen kwallin nan a fili yake a faifai, ba kwali ba taga, ana ganinsa yana walƙiya. Ganin bai hana komai ba.

To me ya kamata a gani? Rubutu. Sunan wanda ya yi kayan da adireshinsa, jerin abin da ke ciki, ranar da aka yi da ranar lalacewa, da lambar rajistar NAFDAC. Abin haushin shi ne, sau da yawa gurbin da ya kamata a yi wannan rubutu shi aka yanke aka yi taga, ko a matse rubutun a gindin kwali da ƙananan haruffa kamar ƙafar kiyashi. Robar haɗi kuwa ba ta da ko ɗaya, sai dai wata takarda mai hoton farar mace da lambar waya. Na san lambar NAFDAC ma ana buga ta jabu, tun zamanin Dora Akunyili, wadda ta riƙe hukumar daga 2001 zuwa 2008, ake wannan yaƙi. Amma kaya mai suna da lamba ana iya bin sawunsa a kama wani. Robar da ba ta da uba fa, wa za a kama?

Wani abokina mai shago ya ce mini, "Malam, yawancin masu sayen nan ba su karanta Turanci, taga ita ce karatunsu." Wannan hujja a kanka take, ba a gare ka ba. Wanda bai iya karatu ba ya ɗora amanarsa ne a wuyanka, kai da ka iya, ko kake da yaro a shago da ya iya. Ka karanta mata. In ko kai ke haɗa kayan, humra ce ko sabulu ko man kaɗe, me zai hana ka rubuta abin da ke ciki da Hausa a gefen Turancin? Wanda ya ƙi rubutawa, to akwai abin da ba ya so a sani.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya na amfani da man ƙara haske. A 2023 NAFDAC ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan bilicin. A 2025 BBC ta shiga wata kasuwa a Kano ta nuna yadda ake haɗin a fili, har da iyaye masu saye don shafa wa ƙananan yara. Yara fa, jama'a! Kuma kowa ya san kaya da yawa da ke kantunanmu daga manyan kasuwanni irin wannan ake saro su, yayin ma daga can yake gangarowa.

Ga inda abin ya shafe mu mu kaɗai. Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi, tun da ya zama mahaɗar layin dogo wajen 1927, kuma ciniki ne ya zaunar da iyaye da kakannin yawancinmu. Ba Kano muke ba, inda za ka cuci baƙo ya ɓace a cikin miliyoyi. Masu sayen kayanmu maƙwabta ne: Fantswam, da Bajju, da Atyap, da Ham, da ɗaliban kwalejin Gidan Waya da na makarantar jinya, ga kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu. Duk wanda ya ga yadda kasuwar Kafanchan ta ƙone a rikicin bayan zaɓen 2011 ya san wahalar da aka sha kafin wasu su sake taka ƙafa shagon wasu. Idan fuskar yarinya ta ƙone, a ƙauyensu ba sunan sinadari za a kira ba, cewa za a yi a shagon Bahaushe ta saya. Ribar roba guda nawa ce da za ta biya wannan?

Iyaye mata masu haɗa lefe, ku ma da ku nake. An mai da akwatin kayan shafa abin nuni, ana zaɓen kwali mai taga don 'yan ganin lefe su hango su yi guɗa. Amarya ce za ta shafa, ba 'yan kallo ba. Ku juya kwalin ku duba bayansa kafin ku biya.

Shugabannin kasuwa kuma, ba sai kun jira jami'an NAFDAC sun taso daga Kaduna ba. Yadda kuke yanke hukunci a kan rumfa da kuɗin gadi, haka za ku iya cewa robar man da ba ta da suna, ba ta da jerin abin da ke ciki, ba za ta hau kanta a layinku ba. Ku ba da wata uku kowa ya kwashe nasa. Limamanmu su taɓo zancen a huɗuba ko sau ɗaya kafin lokacin bukukuwa ya kama, tun da babin algus a ciniki ba baƙo ba ne a wurinsu.

Mai shagon da yake ganin na zalunce shi, ƙofa a buɗe take, ya rubuto. Amma ya haɗo da jerin abin da ke cikin robarsa.