Microsoft: Kamfanin Da Ya Ƙi Sayar Da Gonarsa



Duk wanda ya taɓa riƙe littafin Hausa irin namu, na soyayya ne ko na yaƙi ko na zaman gidan aure, in dai an buga shi daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau, to da wuya a ce bai riƙe aikin kamfanin Microsoft a hannunsa ba, ko ya sani ko bai sani ba. Mafi yawan littattafan nan a kan Windows aka shirya su, a shagunan buga takardu na Kano da Zariya da Gusau, kafin a kai su maɗaba'a. Don haka tarihin wannan kamfani ba na masu digirin kwamfuta ba ne su kaɗai, mu ma muna da ruwa da tsaki a cikinsa. Abin da ma ya fi jan hankalina shi ne sana'armu ɗaya da su. Manhajar kwamfuta ba komai ba ce illa rubutu, wato jerin umarni da mutum ke zama ya tsara da kansa, kamar yadda muke zama mu tsara labari. Da rubutu suka yi arziki. Bambancinmu da su, a nawa ra'ayin, shi ne su haya suke bayarwa, mu kuma gonar muke sayarwa ɗungurungum.

Bari mu faro daga tushe. A watan Janairun 1975 wata mujalla a Amurka mai suna Popular Electronics ta buga hoton wata 'yar ƙaramar kwamfuta, Altair 8800, a bangonta. Wasu abokai biyu 'yan birnin Siyatil, Bill Gates mai shekara 19 da Paul Allen mai shekara 22, suka ga hoton, suka lura cewa na'urar ba ta da yaren da mai ita zai yi mata magana da shi cikin sauƙi. Suka zauna suka rubuta mata, suka kai wa kamfanin MITS da ya ƙera ta a garin Albakaki. A nan suka kafa Microsoft ranar 4 ga Afrilu, 1975, kuma Gates ya bar karatunsa na Jami'ar Harvard saboda wannan harka.

Ko shekara ba a cika ba sai suka gamu da ciwon da kowane marubucin Hausa ya sani. Mutum ɗaya zai sayi manhajar, ya kwafa wa abokansa, su ma su kwafa wa nasu. A watan Fabrairun 1976 Gates ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu wannan ɗabi'a, ya ce musu abin da suke yi sata ne, ya kuma tambaye su wa zai ci gaba da yin aiki mai kyau in ba a biyansa. An yi masa ca a lokacin, don mutanen sun ɗauki manhaja kamar ruwan rafi, kowa ya ɗiba. Yaro ɗan shekara 20 ke nan, amma tun a ranar ya san cewa rubutu dukiya ne.

Inda nake son mai karatu ya tattara hankalinsa shi ne shekarar 1980. A lokacin babu giwa a duniyar kwamfuta kamar kamfanin IBM. Sun yi niyyar fito da ƙaramar kwamfuta ta kan tebur, suna gaggawa, kuma suna bukatar babbar manhajar da za ta tafiyar da ita. Suka zo wajen Microsoft, wanda a lokacin ya koma jihar Washinton, alhali shi ma ba shi da irin wannan manhaja. Sai dai Paul Allen ya san wani ƙaramin kamfani a nan kusa, Seattle Computer Products, inda wani ma'aikacinsu mai suna Tim Paterson ya rubuta wata da suke kira 86-DOS. Microsoft ya fara karɓar lasisinta a kan dala dubu 25, daga baya a 1981 ya ƙara dala dubu 50 ya saye ta baki ɗaya, uwa da 'ya'ya. Ya gyara ta, ya miƙa wa IBM, kwamfutar ta fito kasuwa a watan Agustan 1981.

To, ga inda gizo ke saƙar. Microsoft bai sayar wa IBM manhajar ba. Izinin amfani da ita ya ba su, ya kuma riƙe wa kansa 'yancin bai wa duk wanda ya ga dama irin wannan izini. IBM suka amince, don a ganinsu kuɗin yana cikin ƙarfen, ba cikin rubutun ba. Ba a jima ba kamfanoni irin su Compaq suka shiga ƙera kwamfutoci masu aiki irin na IBM, kuma kowanensu sai ya zo ya biya Microsoft kafin ya saka MS-DOS a cikin tasa. Rubutu ɗaya, an gama shi sau ɗaya, amma kuɗinsa na shigowa daga ƙofofi barkatai. Hausawa na cewa ba a sayar da akuya ta dawo tana ci wa mutum danga. Shi Gates akuyar ce ma bai sayar ba, nononta yake sayarwa, ita kuma tana ɗaure a turkensa.

Mutanen da suka sayar da tasu akuyar fa? Sun kai ƙara kotu daga baya kan ragowar haƙƙin da suke ganin suna da shi, aka sasanta a 1986 a kan dala dubu 925. Kuɗi ne masu kauri, amma a wannan shekarar ce Microsoft ya shiga kasuwar hannun jari, kuma a shekarar da ta biyo baya aka fara lissafa Gates cikin masu dala biliyan. IBM kuwa, mai ƙarfen, a 2005 ya sayar da sashensa na ƙananan kwamfutoci ga kamfanin Lenovo na ƙasar Sin, ya fita daga harkar.

Sauran labarin girma ne a kan girma. Word ta fito a 1983, Windows ta farko a 1985, sai Windows 95 da ta yi tashe a duniya, sai Windows XP a 2001 wadda ita ce yawancinmu muka buɗe ido da ita a shagunan intanet. Darajar kamfanin ta kai dala tiriliyan 1 a 2019, ta haura tiriliyan 3 a farkon 2024.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya yi zamani da kasuwar littafi ta Kano ya san hanya biyu ce a gaban marubuci. Ko dai ya nemo kuɗi ya buga da kansa, ya raba wa 'yan kasuwa bashi, ya yi ta zarya yana karɓar abin da ya samu kaɗan-kaɗan har kuɗin bugu na biyu su narke a kuɗin mota, ko kuma ya ɗauki labarin kacokan ya miƙa wa mai shago, a ba shi abin da aka ba shi, shi ke nan an rabu. Ga wanda ke zaune a nesa kamar mu nan 'Yankuzo, da sai ya fita Tsafe ya nemi motar Funtuwa kafin ya kama hanyar Kano, hanya ta biyu ta fi sauƙi, kuma ita da yawa suka bi, musamman mata da ba su da halin yawan tafiya. In littafin ya karɓu, mai shago ya sake bugawa sau nawa ya ga dama, sunan marubuci na bango, ribar na aljihun wani. Ba takarda, ba shaida, sai "Allah ya sa albarka". Ban ce duk 'yan kasuwa macuta ba ne. Akwai waɗanda suka zuba jarinsu a littafin da bai fita ba suka tafka asara, kuma ba don su ba da littattafanmu ba su kai Sakkwato da Maraɗi da Agadas ba. Cinikin ne dai tun asali aka gina shi a karkace, irin cinikin da aka yi da masu 86-DOS.

Na san wani zai ce, "Malam, kana haɗa kura da akuya. Ina Bill Gates ina marubucin da ke neman kuɗin cefane?" Maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Gates ba ɗan talaka ba ne. Mahaifinsa babban lauya ne, makarantar kuɗi ya yi wadda ta samar wa ɗalibanta hanyar taɓa kwamfuta tun 1968, mahaifiyarsa kuma ta zauna a kwamitin wata ƙungiyar agaji tare da John Opel, shugaban IBM. Wanda ya ƙoshi shi ke iya cewa ba zai sayar ba, mai jin yunwa kuwa ko nawa aka taya sai ya sallama. Sannan a ƙasarsu in an karya yarjejeniya akwai kotun da za ta tsaya maka. Duk na yarda. Amma ka lura, abin da Gates ya yi a gaban IBM bai ci masa ko kwabo ba. Sharaɗi ne guda ya sa a takarda. Kuma a ranar shi ne ƙarami, su ne manya, shi ke neman su fiye da yadda suke neman sa. Ko mai jin yunwa yana iya cewa "na sayar maka bugu ɗaya" a maimakon "na sayar maka littafin".

Kada kuma a ɗauka waƙar yabo nake wa kamfanin. Da ya yi ƙarfi, shi ma danniya ya shiga yi. A 1998 gwamnatin Amurka ta maka shi a kotu kan yadda ya yi amfani da Windows wajen murƙushe masu gasa da shi, irin su Netscape, har a shekarar 2000 alƙali ya ba da umarnin a raba shi gida biyu, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan umarni a 2001. Ya kuma yi tuntuɓe mai zafi a harkar waya: ya sayi sashen wayoyin Nokia a 2014, shekara ɗaya tak ya rubuta asarar sama da dala biliyan 7 a kansa. Mu Hausawa ma mun daɗe a bayan layi. Shekara da shekaru babu hanyar buga ƙ da ɗ da ɓ cikin sauƙi, shi ya sa tsofaffin littattafanmu da yawa za ka ga an rubuta "kofa" da "daki", wani wurin ma da biro ake bin haruffan ana yi musu ƙugiya. Sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro haruffan Rabi'at da Abdalla a shekarun 1990 aka samu sauƙi. Fassarar Windows zuwa Hausa sai a zamanin Vista ta iso, manhajarsu ta fassara kuwa sai a 2023 ta karɓi Hausa, kusan shekara goma bayan ta Google. Cibiyar injiniyoyin da suka buɗe a Legas a 2019 ma sun rufe ta a 2024. Ɗan kasuwa ne, inda riba take nan yake.

Wani abin dariya, wanda kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba, shi ne yawancin kwamfutocin da aka buga littattafanmu a kansu, Windows ɗin da ke ciki kwafin bayan fage ne, daga faifan da ake sayarwa a kasuwa. Muna kukan an sace mana labari, alhali a kan manhajar sata aka buga shi! Gates ya san da haka sarai. A 1998, da yake magana kan ƙasar Sin, ya nuna cewa in dai satar za a yi to gara a saci tasu, mutane su saba da ita, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗi. Haka kuwa aka yi. Yaron da ya koyi Word a shagon Gusau, ranar da ya samu aiki a banki ko ma'aikata ita zai nema, su kuma waɗannan dole su biya. Satar ba ta kashe shi ba saboda asalin abin na hannunsa. Marubucin da ya riga ya sallama littafinsa kuwa, ko an sata ko an saya, duk ɗaya ne a wurinsa.

A yau ma sun ƙara matse hayar. Tun da Satya Nadella ya karɓi shugabanci a 2014 suka karkata ga tsarin biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara, da ajiye wa mutane kayansu a rumbunan kamfanin ta intanet. Mu da muka ga watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, mun san raunin wannan tsari, domin duk abin da ke ajiye a intanet ya gagari mai shi a makonnin nan, tsohuwar Word da ke cikin kwamfuta kuwa ba ta san ana yi ba.

Abin da ya sa na ɗauko maganar nan yanzu shi ne kasuwarmu ta sake sabon lale, kuma ina ganin ana maimaita cinikin jiya. Littafin takarda ya ja baya, labari ya koma waya. Ana sayar da shi a rukunonin WhatsApp, ana ɗora shi a manhajojin karatu, ana karanta shi da murya a YouTube, wani a mayar da shi fim mai dogon zango. Labari ɗaya, ƙofa huɗu ko biyar, daidai da abin da ya faru da MS-DOS. Amma har gobe za ka ji yarinya ta kwana wata shida tana rubutu da babban yatsa, wani mai tasha ya turo mata 'yan kuɗi ta asusu ya ce ya sayi littafin, ita kuma ta amsa da godiya, ba ta tambayi me ya saya ba. Muryar ya saya ko har da fim? Na shekara nawa? Shi kaɗai, ko tana iya bai wa wani?

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi cewa mallaka wa wani haƙƙin littafi, ko ba shi izinin da ya keɓanta da shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce. Ta kuma ce haƙƙin rubutun adabi na nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, wato abu ne da 'ya'ya da jikoki ke gada kamar gona. Takardar da ake bukata ba sai lauya ya cika ta da Turanci ba. Shafi ɗaya da Hausa ya isa, a rubuta sunan littafi, da abin da aka ba da izini a kansa, da adadin kwafi ko tsawon lokaci, da kuɗin da aka biya, da cewa duk abin da ba a ambata ba yana hannun marubuci, sannan shaidu biyu su sa hannu. Ƙungiyoyin marubuta da muke da su a Gusau da Kano da Katsina za su iya tsara irin wannan takarda guda ɗaya su raba wa mambobinsu, ta yadda sabon marubuci ba zai ji kunyar fito da ita a gaban wanda ya girme shi ba.