Maharin Da Ya Ɓuya A Ɗakin Mai Gadi

A hutun da ya gabata na je gida Ketare, cikin ƙaramar hukumar Ƙanƙara, na tarar wani ɗan'uwana ya ajiye maganin tarin fuka bayan wata 2 kacal. Hujjarsa ita ce tari ya lafa, ƙarfi ya dawo. Bayanin da na yi masa shi zan yi wa mai karatu a yau.

A cikin huhunmu akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj, waɗanda aikinsu shi ne haɗiye ƙwayar cuta su narkar da ita. Amma ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch ya gano a 1882, tana da makirci. Idan aka haɗiye ta, sai ta hana a narkar da ita, ta mayar da cikin mai gadin mazauninta.

Sai dai Allah bai bar mai gadin hannu rabbana ba. Yana ƙera wasu gajerun sinadaran furotin masu kashe ƙwayoyin cuta. Ɗaya daga cikinsu, LL-37, yana manne wa fatar ƙwayar ya huda ta, yana kuma zaburar da makrofaj ya share dattin cikinsa har da ɓoyayyen baƙon. A 2006, Robert Modlin da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa bitamin D ne ke buɗe ƙofar ƙera wannan makami.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Hasken rana da bitamin ba sa maye gurbin magani. Makamin jiki yakan danne cutar, amma sau da yawa ba ya gamawa da ita, musamman a jikin da yunwa ta ci. Mu kuwa a yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu, ya cusa iyalai a ɗaki guda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shi ya sa ake shan maganin aƙalla wata 6. Lafawar tari ba mutuwar ƙwayar da ta ɓuya ba ce, kuma wanda ya katse magani yana iya renon wadda ba ta jin magani, ya kuma raba wa 'ya'yansa. Duk wanda tari ya kai masa mako 2, ya je a gwada kakinsa. Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Washegari da sassafe na raka ɗan'uwan nawa asibiti, aka sake gwajin.